Canjin takalmin birkin Corolla a gida: yadda aikin ke tafiya

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Motar Corolla ce ƙirar 2005, mai injin 1.8 da giya otomatik. Birkin gaba na faifai ne, na baya kuma na ganga. Tun ƙarshen damina take wani siririn kuka daga ƙafar gaba ta hagu, irin mai shiga haƙorin nan, ya fi fitowa idan ana tafiya a hankali cikin cunkoso, misali wajen shataletalen Wunti da yamma. Da na taka birki sosai sai ya ɗauke, da na saki ya dawo.

Masu ƙera motar ne suka sa wannan kukan da gangan. A jikin takalmin birki akwai wani ɗan harshen ƙarfe, idan naman takalmin ya cinye ya kusa ƙarewa sai harshen ya fara gogar faifai. Wanda ya toshe kunne ya ci gaba da tafiya, kukan zai koma gurnani, ƙarfen bayan takalmin ne ke nan ya fara cin faifan, aikin da zai tsaya a takalmi kuma ya haɗa da sayen faifai.

Da hannuna zan yi, a tsakar gida. Kuɗin aikin a gareji bai taka kara ya karya ba, ba shi ne dalili ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bara war haka aka sa wannan saitin, ni kuwa tafiyata ba ta wuce ofis, makarantar yara da kasuwa, sai Jos jefi-jefi. Takalmin da ya ƙare da wuri haka, a ƙafa ɗaya kuma, akwai abin da ke cin sa. A gareji yaron oga zai zare tsoho ya cusa sabo kafin ka gama shan ruwan leda, ka biya ka tafi, abin da ya ci na farkon yana nan yana jiran na biyun.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Da na dawo daga aiki ban shiga ciki ba sai da na kusantar da bayan hannuna jikin kowane wili. Na hagu yana huci, na dama ɗumi kawai. Baƙar ƙura ma ta fi yawa a na hagun. Birkin wannan ƙafar ba ya saki gaba ɗaya ke nan, yana riƙe da faifai ko ba a taka shi ba. Kada dai mutum ya taɓa faifan kansa da yatsa bayan tafiya, yana ƙona fata nan take.

Na buɗe bonet, man birki a kofinsa ya sauka kusa da layin MIN, wato layin ƙasa. Ban ƙara ba, kuma duk mai shirin canza takalmi kada ya ƙara. Man birki ba ya ƙarewa kamar yadda fetur ke ƙonewa. Yayin da takalmi ke cinyewa fistin, wato ƙarfen da mai ke turawa ya danna takalmi jikin faifai, yana ƙara fitowa waje, man ya bi shi ya cike gurbin, shi ya sa ake ganin ya ragu a kofi. Ranar da aka mayar da fistin ciki man zai hau ya koma matsayinsa. In an riga an cika kofin sai ya yi ambaliya, ga shi yana cin fenti. Idan kuwa man yana sauka da sauri, ko feda tana nutsewa ƙarƙashin ƙafa, wannan yoyo ne, motar ba ta da hurumin hawa titi sai an gano inda yake.

Sai lambar casis, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, haruffa da lambobi 17. Tawa ta fara da 2T1, wato a Kanada aka haɗa ta. Waɗanda suka fara da 1NX daga Kaliforniya suka fito, masu farawa da JT daga Japan. Na kwafe ta a takarda saboda shekara kaɗai ba ta isa wajen sayen kaya. Corolla 2005 da aka yi wa kasuwar Turai noti huɗu gare ta a taya, irin tawa biyar, takalmansu ba ɗaya ba ne, kuma duka biyun suna yawo a titunan Bauchi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Layin masu kayan gyaran mota na wuni. Shagon da na tsaya, mai shi ya jero mini kwali uku a kan benci.

"Alhaji, ga orijina, ga mai bi masa, ga kuma na maneji. Wanne za a sa maka a leda?"

Na ce ya bari in buɗe su tukuna. Kwali ba shaida ba ne, masu buga jabu sun fi kowa iya fenti. Lambar takalman gaba na Toyota da 04465 take farawa, amma wanda ya iya kwaikwayon tambari zai iya kwaikwayon lamba. Abin dubawa yana jikin takalmin kansa. Na manejin ba shi da 'yan faranti na baya masu kashe ƙara, gefen ƙarfensa da kaushi, kuma a inda nama ya haɗu da ƙarfe ana ganin ɗan rata idan an ɗaga shi ga haske. Wannan shi ne irin wanda namansa ke ɓarewa gaba ɗaya idan ya sha zafi. Na mayar masa.

A gefen takalmi mai kyau sau da yawa akwai rubutu da ke ƙarewa da haruffa biyu, irin su EE, FF ko GG. Ma'aunin kamu ne: harafin farko kamunsa a zafi na yau da kullum, na biyu kamunsa idan ya yi zafi sosai. E daga 0.25 zuwa 0.35, F daga 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. Wanda ya zo FE, alal misali, kamunsa yana raguwa da zafi. Na tsakiyar FF ne, da lambar D923 wadda ita ce sifar takalmin gaban wannan Corolla daga 2003 zuwa 2008, farantansa a jiki, 'yan ƙarafan zama sababbi a cikin kwalin. Shi na ɗauka. Kuɗinsa ya kusa ninka na manejin, bai kai na farkon ba.

Wani yaro ya biyo ni da 'yan Beljiyam, takalman da aka ciro daga motar da aka yanka, wai sun fi sababbi ƙarko. Fitila ko madubi na hannu ina saya ba fargaba. Takalmin birki kuwa ya riga ya ɗauki sifar wani faifan, ba ka san zafin da ya sha ba, ba ka san ko mai ya taɓa zuba a kansa ba.

Na haɗa da gwangwanin feshin wanke birki, burushin waya, samfefa, takunkumi, sirinji babba, da man birki DOT 3 wanda hatiminsa bai ɓalle ba, don shi aka rubuta a murfin kofin. Girisin silikon ne ya gagara. Duk shagon da na tambaya sai a miƙo mini girisin boris a ce ai duk giris giris ne.

Da daddare na leƙa wajen maƙwabcinmu, dattijo ne da ya yi ritaya a tuƙin motar gwamnati, ɗakinsa na waje cike da kayan aiki. Ya ara mini ƙafafun ƙarfe biyu na ɗora mota, da sufana mai awon ƙarfin ɗauri, da kilam irin na kafintoci.

"Ɗana, da me ka yi niyyar tokare ta da?"

"Baba, akwai bulo a bayan gida."

"Bulon siminti ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci guda. Ɗauki waɗannan, kuma kada in ga yara kusa da wurin."

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Bayan an karya muka fara, ni da ƙanena da ya zo hutun ƙarshen mako. Mun gyara motar a kan daɓen siminti, domin a kan rairayi jak nutsewa yake yi ya karkace. Giya a P, birkin hannu a sama, guntayen katako gaba da bayan tayoyin baya. Notocin taya ana sassauta su ne tun motar tana ƙasa, da soket 21, rabin juyi kawai. Sannan jak a gurbinsa da ke ƙarƙashin ƙofa, inda ƙarfen ke da 'yan tsaga biyu, ƙafar ƙarfe ta karɓi nauyin, tayar da aka cire kuma a kwantar da ita ƙarƙashin motar.

Na murɗa sitiyari yadda bayan kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da takalma da faifai, zai fuskanto ni. Kusoshi biyu ne ke riƙe da ita, kan 14. Sun kwance ba gardama, amma kalifar ta ƙi fita sai da na sa sukundireba na ɗan tura fistin baya. Da ta fito na rataye ta da waya a jikin sifirin. Ba a barin ta tana lilo a kan tiyon mai, nauyinta yana lahanta tiyon ta ciki inda ido ba ya gani.

Ga abin da na tarar. Takalmin waje da sauran nama kusan milimita 6. Na ciki ya cinye a karkace, sama milimita 4, ƙasa bai kai 2 ba, kamar dundunniyar takalmin mai ɗingishi. Sabo milimita 11 ne, iyakar da Toyota ta sa kuma milimita 1. Wato ɗaya ya ƙare alhali ɗan'uwansa bai wuce rabi da yawa ba.

Irin wannan kalifar fistin ɗaya gare ta, ta ciki. Idan an taka birki fistin ya tura takalmin ciki jikin faifai, ƙarfin turin kuma ya ja gangar jikin kalifar baya, ita ce ke janyo takalmin waje ya matse ta ɗaya gefen. Hakan ba ya yiwuwa sai kalifar tana zamewa a sake a kan sanduna biyu da ke shiga cikin mariƙinta, kowace da rigar roba mai lanƙwasa da ke hana ruwa da ƙasa shiga. Na kama sandar sama da yatsu biyu, ta shiga ta fita sumul. Ta ƙasa ko motsi. Na sa fulaya, ko gezau.

Robarta ta kumbura ta yi laushi, ta tsage ta gefe. Da na ɗage ta, abin da ke ciki baƙin giris ne da ya bushe ya haɗu da jar ƙasa da tsatsa. Wanda ya yi aikin bara girisin boris ya shafa, irin wanda aka yi ta miƙo mini jiya. Wannan girisin daga man fetur aka samo shi, robar birki kuwa ba ta jituwa da shi, tana shan sa ta kumbura. Sandar ƙasa kuma tana da wani ɗan zoben roba a bakinta, da ya kumbura sai ya cije a cikin ramin. Sauran aikin ruwan damina da kwatamin unguwa suka ƙarasa shi.

Ƙanena ya ce, "Yaya, mu sa sababbin haka nan mana, sandar a gyara ta wani lokaci."

Na ce in muka yi haka kafin azumi mun dawo nan, kuma kafin nan motar da ƙafa ɗaya da rabi take tsayawa a gaba. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyin mota gaba yake zubowa idan an taka.

Mun kwance mariƙin gaba ɗaya. Kusoshinsa biyu ne, kan 17, sun ɗauru sosai, sai da muka zura bututun ƙarfe a hannun sufana. Na fesa wa sandar man sassauta tsatsa na jingine mariƙin yadda man zai gangara ciki. Motar za ta kwana a kan ƙafafun ƙarfe, gobe Keke Napep zan hau. Uwargida ta leƙo ta ga mota ba taya, ta tambaya ko aikin awa biyun ne wannan.

Talata, 11 ga Nuwamba

Sandar ta fito. Ba da guduma ba. Guduma tana faɗaɗa kanta ko ta lanƙwasa ta. Mariƙin na danne da ƙafa, na kama kan sandar da sufana ina murɗawa hagu da dama, kaɗan-kaɗan, ina ƙara fesa mai, har ta fara juyawa, sannan na riƙa ja ina murɗawa. Tsatsa ta ci jikinta ta yi ramuka, ba ta gyaruwa. Ramin da take shiga na naɗe samfefa a jikin siririn ƙarfe na goge shi, na wanke da feshi har ruwan ya daina fitowa ja.

Na kira wani abokina a Kano ya duba mini a Kofar Ruwa: saitin sanduna da robobinsu na ƙafa biyu, da girisin silikon. Ya samu, zai ba direban tasha ya taho da su.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Saƙo ya iso. Kafin magariba na auna faifai, tunda ba shi da amfani a ɗora sabon takalmi a kan faifan da ya ƙare. Sabon faifan wannan motar milimita 25 ne, iyakarsa 23, kuma an zana iyakar a jikin faifan, sai an goge tsatsa ake ganin ta. Faifan da ya sirance ba ya ɗaukar zafi, da wuri yake ƙonewa ya fara sa feda rawa.

Awon yana da ɗan wayo. Bakin faifai can waje takalmi ba ya taɓa shi, don haka yana barin tudu, in ka ɗora ma'auni a kansa zai ba ka kaurin da babu shi. Wosha biyu na sa, ɗaya kowane gefe, a tsakiyar inda takalmi ke gogawa, na auna duka tare, na cire kaurin woshoshin. Na hagu 24.1, na dama 24.3. Akwai siraran layuka amma farce ba ya maƙalewa a cikinsu, ba tsaga, sai ɗan shuɗi-shuɗi a fuskar ciki ta hagu inda zafi ya taɓa. Za su ƙara zagaye ɗaya. Na bi fuskokin da samfefa sama-sama don kashe ƙyallin, na wanke.

Maganar ƙura: ban hura ta da baki ba, ban kai wa mai faci ya busa da iska ba. Tsofaffin takalma da wasu masu arha suna iya ƙunsar asbestos, wanda shaƙarsa ke jawo cutar huhu da daji, kuma ba ka iya ganewa da ido. Takunkumi, feshi, tsumma mai laima, tsumman kuma a ƙulle a leda.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Yau aka haɗa. Na fara da mariƙin hagu. Inda kunnuwan takalmi ke zama akwai 'yan ƙarafa sirara masu sheƙi, na ɓalle tsofaffin, na tarar da tsatsa ta taru a ƙarƙashinsu ta ɗaga su. Wannan ma yana matse takalmi ya hana shi komawa, kuma shi ne wurin da ban taɓa ganin an goge a gareji ba. Burushin waya har sai ƙarfe ya fito fari, sannan sababbin suka zauna daram. Gwajinsa mai sauƙi ne: takalmi ya shiga da matsin yatsa, ya zame gaba da baya. In sai an buga shi ya shiga, ba a gama gogewa ba.

Sanduna na shafa musu silikon shafe ɗaya, ba cikawa ba. Giris in ya yi yawa a ƙasan ramin yana tare iska, sandar ta ƙi shiga har ƙarshe. Mai zoben roba ta koma ƙasa inda na same ta. Hoton da na ɗauka da waya kafin kwancewa ya yi rana a nan. Kowace rigar roba na tabbatar bakinta ya faɗa gurbinsa ta sama da ta ƙasa. Mariƙi ya koma, kusoshinsa na ɗaure da sufana mai awo a Newton-mita 107.

Sai mayar da fistin. Na buɗe murfin kofin mai na ɗora tsumma kewaye da shi, na goge ƙurar da ke jikin robar fistin, na duba ba tsaga ba laima. Tsohon takalmi na ɗora a fuskar fistin, kilam ya kama shi da bayan kalifa, ina murɗawa sannu a hankali. Ya koma sumul, abin da ya kwantar mini da hankali ke nan, domin da ya cije da maganar ta zama ta sabuwar kalifa. Baba yana zaune a kan kujerar roba yana kallon kofin.

"Ya hau, ɗana, ya wuce rabi. In ka zo ɗaya ƙafar ka zuƙe kaɗan."

Haka aka yi, sirinji ya ɗebe abin da ya haura layin MAX. Man da ya fito ya yi duhu sosai. Na rubuta shi cikin aikin gaba.

Takalmi mai harshen gargaɗi ta ciki yake zama. Ɗan giris kaɗan a kunnuwa da bayan faranti, ko ɗigo kada ya taɓa naman takalmin ko faifai. Na sauya safar hannu kafin in ɗauke su. Kalifa ta sauka a kansu ba tare da dole ba, tiyo bai murɗe ba, kusoshi 14 a Newton-mita 34. Wannan awon ba shi da yawa, hannu ɗaya ke kai shi, kuma su ne kusoshin da ake yawan tsinkewa garin a ɗaure da kyau. Na kama kalifar na girgiza, tana zamewa ciki da waje.

Ƙafar dama ba ta ba da wahala ba. Takalmanta sun cinye daidai, kusan milimita 6 kowane, sandunan suna motsi, amma robobin sun fara kumbura, girisin iri ɗaya ne. Na wanke na sauya duka. Ba a canza takalmin ƙafa ɗaya a bar ɗaya, mota za ta riƙa fizga gefe.

Taya ta koma, notoci da hannu tukuna don kada zare ya hau karkace, mota ta sauka, sannan sufana mai awo a Newton-mita 103, ana tsallake ɗaya ana ɗaure na gaba har a zagaye biyar ɗin. Masu faci da ke hawa kan sufana da ƙafa suna wuce wannan nesa ba kusa ba, shi ya sa ranar da taya ta fashe a hanya noti ke gagarar mutum, wani lokacin ma kusar ta tsinke.

Kafin a tayar da inji na zauna na taka feda. Takun farko har ƙasa ta tafi ba komai, domin fistin yana can ciki bai iso takalmi ba. Da gajerun taku na ci gaba har ta yi tauri. Wanda ya manta wannan ya sa ribas, katangar gidansa ce za ta tsayar da shi. Na riƙe fedar da ƙarfi na ɗan lokaci, ba ta nutse ba. Na leƙa kowace ƙafa, ba yoyo. Mai yana daidai layi, murfi ya koma.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Da sassafe, kafin titi ya cika, na fita hanyar Dass na wuce Gwallameji zuwa inda ba jama'a. Sabon takalmi bai san faifai ba tukuna, sai an sa ya shafa masa siririn naman jikinsa daidai wa daida kafin kamu ya zauna. Daga kilomita 60 a awa nake takawa da matsakaicin ƙarfi in sauko wajen 10, in saki ba tare da na tsaya cak ba, in ƙara wuta, in sake. Bayan an maimaita haka sau takwas zuwa goma sai a yi tafiya mai ɗan tsawo ba taka birki, iska ta sanyaya shi. Abin gudu shi ne tsayawa da ƙafa a kan feda alhali faifai na da zafi: takalmin yana barin tambarinsa a wuri ɗaya, daga baya a riƙa jin feda na rawa a ce faifai ya lanƙwashe.

Ɗan wari ya tashi, wannan ba komai. Na saki sitiyari kaɗan yayin takawa, motar ta tafi miƙe. Kukan ya tafi. Da na tsaya, zafin wili biyun ɗaya.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Na sake bin notocin taya da sufana mai awo, babu wanda ya motsa. Na mayar wa Baba kayansa tare da goro.

Da safe takun farko yana ɗan ƙara, daga nan shiru. Raɓa da ƙurar hunturu da ta fara sauka ne a fuskar faifai. Wani abin da na lura, motar tana gangarawa da kanta idan na ɗaga ƙafa daga totur, da kuwa sai ta riƙa ja baya-baya ban ankara ba. Fetur ɗin da wannan sandar ta sha a shekara guda, Allah kaɗai ya sani.

Na cire gangunan baya na duba. Da sauran nama, ba laimar mai a jikin silinda. Na wanke ƙura na mayar.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Jos muka je ɗaurin aure muka dawo, mota cike da mutane. Wannan hanyar ce gwajin gaskiya, domin Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Bauchi kuwa wajen 600, dawowa gangara ce, ga kwanonin Panshanu. A gangaren na sauke giya zuwa 2, inji ya riƙe motar, birki kuma taku gajere mai ƙarfi sannan a saki, maimakon a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Birki gudu yake mayarwa zafi, kuma idan gudu ya ninka biyu zafin da zai sha ninki huɗu ne. Na tsaya a Nabordo na zagaya motar, ba wari, ƙafafun gaba zafinsu ɗaya, feda tana nan a inda take.

Saura man birki, kuma gangaren nan ya sa ba zan ja shi da nisa ba. Man DOT 3 yana shan laima daga iska. Sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, wanda ya sha ruwa kuwa ma'auninsa 140 ne. In ya tafasa a cikin kalifa tururi ne ke maye gurbinsa, tururi kuma yana matsuwa, feda ta tafi ƙasa ba kamu, komai kyan takalmin da ke ƙafar. DOT 4 yana shiga inda DOT 3 yake, amma DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Ban san shekarun wanda ke cikin motar ba tun kafin ta zo hannuna, launinsa dai ya isa shaida.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a feda ɗaya a ƙafa, ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da kofin: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, kofi kuma kada ya taɓa bushewa. Na sayi siririn tiyo mai gani-har-hanji da ƙarin gwangwani biyu. 'Yan notocin fitar da mai na baya sun yi tsatsa, na fara fesa musu man sassautawa tun yau. Ƙanena zai shigo Asabar mai zuwa.